Wasan Kwaikwayo a Kangon 'Yan Gudun Hijira

A 2021, shekarar da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar Sakkwato, aka kuma kai hari kasuwar Goronyo, mutane da yawa daga Sabon Birni da Isa da Rabah suka kwararo cikin birni, wasu kuma suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi. Waɗanda na yi aiki da su sun fake ne a wani kango da ke bayan gari, ni kuwa malamin firamare ne da ke leƙa su a ranakun da babu makaranta.

Bayan yunwa, babu abin da ya addabi mazan kamar zaman banza, domin manomin da ya saba sammako zuwa gona ba ya jure wuni a gindin bango yana jiran tallafi. Da azumi ya kai kwana goma sai muka fara da tashe, saboda kowa ya san shi tun yarinta, kuma babu dattijon da zai ce mun kawo baƙon abu. Daga nan wasan kwaikwayo ya samu shiga.

Ba mu rubuta komai ba, tunda yawancinsu ba su yi boko ba. Su suka zaɓi labarin harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauye kafin a bar mutane su yi noma, amma kowa ya ƙi fitowa a ɗan bindiga, har sai da wani dattijo da aka kore wa shanu ya ce, "Malam, bar mini shi, ni na ga yadda suke tafiya." Da karan dawa ya fito, domin mun yarda ko bindigar katako ba za ta shiga fili ba saboda yara, ya kuma mayar da mutumin matsoraci mai zabura idan akuya ta yi kuka. An yi dariya har da hawaye.

Matan sun ƙi yin wasa a gaban maza, suka shirya nasu daga ciki, kuma a ganina ya fi namu tsari. Na kuma lura cewa tsayar da lokacin gwaji bayan la'asar, da ba kowa aikinsa, ko da shimfiɗa tabarma ne, shi ya riƙe mutane fiye da ranar wasan kanta. Da wasu baƙi suka nemi a ƙara wurin kuka don su ɗauka a waya, 'yan wasan suka ƙi, ni ma na goyi bayansu.