Ruwa da ƙanƙara a filin zari-ruga na Legon

A watan Maris na 2024 na yi aikin sa kai a gasar wasannin Afirka karo na 13 da aka yi a Akra. Filin zari-ruga na Jami'ar Ghana da ke Legon aka tura ni, aikina kai wa 'yan wasa ruwa da ƙanƙara. Ga rana, ga azumi a bakina, ga ruwan sanyi a hannuna. Allah dai ya ba da lada.

Na 'yan bakwai-bakwai aka buga, ba na 'yan 15 ba. Fili kuwa ba a rage shi ba, faɗinsa da tsawonsa na nan, mutum bakwai ne kawai za su tsare shi. Minti 7 a je hutu, a dawo a ƙara 7, an gama. Mai kallo daga sama sai ya ce ai wannan ba wahala. Ni da nake tsaye a bakin layi na ga ƙarti suna fitowa ko magana ba sa iyawa, sai dai su miƙo hannu a ba su gora.

Abin da ya fi zauna mini shi ne bugun fara wasa. A nan wanda ya ci shi ke sake bugo ƙwallo, don haka idan yana da mai tsalle ya cafe ta a sama, abokin karawa zai iya shan maki 14 ko fiye bai ko taɓa ƙwallo ba. Dangwala ta bayan layi maki 5 ne, bugun da ke biyo baya 2. Katin gargaɗi kuma minti 2 a waje. Kamar ba komai, amma mutum shida ba sa iya toshe wannan fili, nan take ɓaraka ke buɗewa.

Sai abin da 'yan kallo ba sa gani. Ƙungiya kan buga fiye da wasa ɗaya a yini, kuma tsakanin wasa da wasa ake gane masu tsari. Wasu suna fitowa sai inuwa, a sa ƙanƙara a cinya, a ci ɗan abu, a miƙe ƙafa. Wasu kuma su tsaya kallon wasan wasu cikin rana, da yamma ka gan su ƙafa ta yi nauyi. Da na gane haka, sai na riƙa haɗa ƙanƙara tun kafin a busa tashi, ba na jira a nema.

Yuganda ce ta kwashe zinare biyu, na maza da na mata. A maza Kenya ta zo ta biyu, a mata Madagaska. Wadda ta fi burge ni Burkina Faso ce, ƙasar da ba kasafai ake ambatonta a wannan wasa ba, amma mazanta suka koma gida da tagulla.