Godiya ga waɗanda suka tsaya mini ranar da mota ta kulle da 'yata a ciki

Assalamu alaikum. Kwana biyar ke nan ina son rubuta wannan saƙo, sai yau na samu natsuwar zama. Yawancin mutanen da nake son gode wa ban san sunansu ba, ba ni da lambarsu, shi ya sa na kawo godiyar fili, ko Allah zai sa ta kai gare su.

Ranar Talata da tsakar rana na fito daga wani uzuri, ni da 'yata mai wata 16. A filin ajiye motoci na buɗe ƙofar baya, na ajiye jakata, na zaunar da ita a kujerarta ta yara. Tana ta zillo ba ta son bel, sai na miƙa mata makullin ta yi wasa da shi kafin in gama ɗaure ta. Ashe ta danna maɓallin kullewa ban ji ba. Na tura ƙofa, na zagaya gefen direba, na ja, ta ƙi buɗuwa. Na bi ƙofofin nan huɗu da but ɗaya bayan ɗaya. Makulli a hannunta, waya a jaka, jaka a ciki, gilasai duk a rufe, inji a kashe, rana kuwa ta take.

Baba mai gadi, kai ka fara zuwa. Ka ce, "'Yata, lafiya?" Na kasa magana, sai nuni nake yi da hannu. Ka miƙo mini wayarka, amma lambar maigidana da na haddace shekara da shekaru ta ɓace mini fat. Ba ka gaggauta ni ba. Ka ce in ambaci Allah, za ta dawo, ta kuwa dawo. Sai dai ɗayan makullin yana gida, kafin a ɗauko a kawo sai an yi fiye da minti 40. Kai ne kuma ka kira mai gyaran makulli, ya ce yana hanya amma da ɗan nisa. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifanka.

Na gode wa baiwar Allah da ta sauke kayanta ta manna fuska a gilashi tana tafa wa yarinyar, tana lallashinta ta sake danna maɓallin. Saura kaɗan ta yi, sai makullin ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashin kujera. Na gode wa samarin da suka samo kwalaye suka rufe gilashin gaba da na gefenta don tare rana, da wanda ya yi ta fama da wayar ƙarfe ta saman ƙofa har ta yanke shi a yatsa.

Akwai wata mata da ban san irin godiyar da zan yi mata ba. Ta ratso mutane ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, ta tambaye ni minti nawa aka yi. Na ce wajen 10. Ta leƙa, ta ga fuskar yarinyar ta yi ja, gumi ya jiƙa mata kai, kukan ma ya fara sauya. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ƙanwata, ba za mu jira mai makulli ba, a fasa gilashi." Ni a lokacin ban san cewa zafin cikin mota a rufe yakan ƙaru da kusan digiri 11 a minti 10 kacal ba, ko da a waje zafin bai kai ya kawo ba. Ban san jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri, ninki 3 zuwa 5 na babba, ba, kuma da zarar zafin jikinsa ya kai digiri 40 an shiga haɗari. Ita ta faɗa mini duk wannan daga baya. A daidai lokacin kuwa hukunci kawai ta yanke, domin ta ga hankalina ba ya jikina, ina ta kallon hanya ina jiran mai makulli. Yaya, da ba ki buɗe baki ba, da na ci gaba da jira. Wannan tunanin shi ne ya hana ni barci kwana biyu.

Wani bawan Allah ya ruga motarsa ya ɗauko sifanar taya da sukundireba. Wani ya ce a fasa gilashin gaba, ya ce a'a, wancan gilashi biyu ne da roba a tsakani, tsagewa kawai zai yi ba zai ba da hanya ba. Na gefe shi ne ke rugujewa ƙanana ƙanana kamar tsakuwa. Ya zaɓi na gefen direba, wanda ya fi nisa da yarinyar. Ya ɗora bakin sukundireba a kusurwar ƙasa, domin tsakiyar gilashin ta fi taurin kai, ya buga da sifana. A bugu na biyu ya zube. Ya zura hannu ya buɗe, ni dai ban san lokacin da na kwance bel na rungume ta ba.

Ma'aikaciyar jinyar ta karɓe ta daga hannuna ta kai ta inuwa, ta rage mata kaya, ta jiƙa ƙyalle da ruwa mai ɗan sanyi tana goga mata a wuya da hammata, wasu na yi mata fifita da kwali. Ta ce ko da ta ware, lallai a kai ta asibiti a duba. Mun je, an auna ta, an riƙe mu na ɗan lokaci, aka sallame mu. Alhamdulillah, tana nan lafiya lau, tana ta ƙiriniyarta.

Mai gyaran makulli ya iso bayan an gama, bai nuna ɓacin rai ba, bai kuma karɓi komai ba. Ya ce abin da aka yi shi ne daidai, ko da yana kusa ba a jira da yaro a ciki. Shi ya share gilashin da ya zube a kujera, ya liƙa leda a tagar. Malam, Allah ya yi wa sana'arka albarka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikin mutanen nan sama da goma babu wanda ya ce mini "ya aka yi kika yi sakaci?" Na riga na tambayi kaina sau ɗari kafin kowa ya iso. Maigidana ma da ya same mu a asibiti, yarinyar ya ɗauka, ya dube ni ya ce, "Sannu, kin sha wuya." Bai ƙara komai a kai ba har yau. Na gode, Abban yara. Yanzu makulli yana rataye a wuyana har sai na zauna a mazaunin direba, lambobi biyu kuma na rubuta a takarda na ba shi ɗaya na riƙe ɗaya.

Bawan Allah da ya fasa gilashin, ka tafi ina rungume da 'yata ban ko ga fuskarka da kyau ba. An ce gilashi ya yanke ka a hannu, ina fata ka samu sauƙi. Sukundirebanka mai jan mariƙi na tsince shi a ƙasan kujerar direba. Na kai wa Baba mai gadi ya ajiye, tare da lambar maigidana. Don Allah in ka je karɓa, ka kira mu.