Bulon da Ya Koma Yashi a Hannuna

A watan jiya na je duba ginin da nake yi a bayan unguwar Arkilla a nan Sakkwato, na tarar an sauke bulo mota guda. Na ɗauki ɗaya mai inci tara, na sake shi daga daidai ƙirjina, sai ya tarwatse. Da na tsinci gutsurensa na murza, yashi ne kawai yake zuba. Na tambayi mai buga bulon ko guda nawa yake fitarwa daga buhun siminti ɗaya, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai kowa haka yake yi, kuma ba ka taɓa jin gidan wani ya faɗi ba."

Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin bangon bulo, ko da mai rauni ne, yakan jure nauyin da ke danno shi daga sama. Girgizar ƙasa kuwa daga gefe take zuwa, ta tura bango gaba ta dawo da shi baya, kuma a nan ne bulon da aka yi wa rowar siminti, aka hana shi ruwa yana ɗanye, yake tona asirin mai shi. Tsagewar takan fara daga kusurwar taga da ƙofa, bango ya rabu da ɗan'uwansa a mahaɗa, rufin ya rasa abin dogaro. Haka ta faru a Haiti a 2010, inda gine-ginen bulo da kankare marasa ƙwari suka danne dubban mutane, haka kuma a ƙauyukan tsaunukan Maroko a Satumban 2023, inda gidajen laka da dutse suka zube, kusan mutum 3,000 suka rasu.

Allah ya rufa mana asiri, Sakkwato ba ta kan mahaɗar faranten ƙasa, wato inda manyan ɓangarorin doron ƙasa suke goga juna har a samu girgiza. Sai dai mutanen Kwoi a Jihar Kaduna sun ji ƙasa ta motsa a 2016, na Mpape a Abuja ma sun ji a 2018, kuma ban ga hikimar gina gidan da jikokina za su gada bisa zaton cewa ƙasa ba za ta taɓa motsi ba. Abin takaicin ma, a Kalambaina, nan kusa da mu, ake yin simintin da muke ƙyashin zubawa.

Na mayar da bulon, na sa aka buga wani a gabana, ana shayar da shi ruwa safe da yamma har mako guda, saboda zafin garin nan yana busar da siminti tun bai kama ba. Na kuma ce wa birkilan ya kafa fila mai rodi a kowace kusurwa, ya zagaye ginin duka da linta maimakon ya tsaya a saman ƙofa da taga, yadda bangwayen za su ɗaure juna. Ya yi gunaguni a kan kuɗin rodi, ni ma na yi, har tayil ɗin falo na ɗage zuwa baɗi.