Saƙon godiya: yaron nan ya koma fili

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi. Jiya Asabar bayan la'asar yaron nan, ɗana, ya shiga filin ƙwallo, ya buga minti 20, ya fito da ƙafarsa. Ni ban je ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ina kan dadduma ƙanwarsa ta kira ta ce, "Umma, an tashi, lafiya ƙalau." Na kasa ba ta amsa, sai na ajiye wayar na yi sujada. Tun daren jiya jikina ya saki kamar wadda ta sauke tulu daga ka, shi ya sa na ce bari in rubuta wannan yanzu kafin gajiyar shekara guda ta kwantar da ni.

Ba zan sake jan labarin ba. Kun sha shi tun ranar da aka kawo shi gida a Adaidaita Sahu gwiwa ta kumbura bayan jijiyar cikinta da ake kira ACL ta tsinke a wurin wasa, har hoton cikin gwiwa na MRI, har karo-karon kuɗin tiyata, har watan Janairun da aka shiga da shi ɗakin tiyata. Kun kuma san ba na kama sunansa, ɗan fari ne, ku yi mini uzuri. Wuni ɗaya kawai nake so in ba ku labari, domin har yau in na tuna shi tsigar jikina tashi take yi.

A lokacin wata shida ke nan da tiyata, cikin damina. Yaro ya jefar da sanduna tuni, ba ɗingishi, yana gudu a lungu, yana hawa bene bibbiyu. Aka ce za a yi zaɓen 'yan wasa, har da masu zuwa daga kudu. Kocinsu ya ce ya warke. Maƙwabta suka ce ya warke. Ni ma, Allah ya sani, a raina ya warke, takardar amincewar iyaye tana cikin jakata, sa hannu kawai ya rage. Sai likitarsa ta gashin ƙashi, wadda gidanmu duka muke ce wa Anti Fisiyo, ta ce kafin nan a kawo mata shi ta gani.

Ta liƙa masa ƙananan filasta a ƙugu da gwiwa da idon sawu. Ta kafa waya a gabansa daidai tsayin gwiwa, ta ɗora shi kan akwati mai tsayin santimita 30, ta ce ya diro da ƙafa biyu ya kuma tashi sama nan take. Ya yi sau uku. A idona babu abin da ya rage, har na ce Masha Allah da ƙarfi. Ita ba ta ce komai ba. Ta zuba bidiyon a kwamfuta, cikin wata manhaja ta kyauta mai suna Kinovea, ta jawo mini kujera kusa da ita.

Ta ce, "Hajiya, bidiyon da muka saba ɗauka hotuna 30 ne a daƙiƙa ɗaya. Wannan na ɗauke shi da 240. Dirar da ya yi ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma yanzu za mu bi ta ɗaya bayan ɗaya." Tana danna maɓalli, yaro yana saukowa a hankali kamar mai nutsewa cikin ruwa. Ƙafar dama ta taɓa ƙasa, gwiwarta ta tsaya cak a saman yatsu. Ta hagu kuwa, wadda aka yi wa aiki, tana taɓa ƙasa sai gwiwar ta zame ta faɗa ciki, ƙugun ya karkace, gangar jikin gaba ɗaya ta gudu ta jingina da lafiyayyar ƙafa. Ta ja layi daga filastar ƙugu zuwa ta gwiwa zuwa ta idon sawu. A dama layin ya miƙe. A hagu ya karye a tsakiya. Ta ce, "Kin ga wannan karyewar? A irin wannan yanayi jijiyar nan take tsinkewa."

Daga nan ta sa ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, aka auna nisan. Dama santimita 160, hagu 118. Ta ce hagu ba ta kai kashi 75 cikin 100 na 'yar uwarta ba, su kuwa ba sa sakin ɗan wasa sai ta kai 90 ko ta wuce. Ta ƙara da cewa an yi bincike kan 'yan wasa a ƙasar Norway da Amurka, aka wallafa a 2016, aka ga duk watan da mutum ya ƙara jira har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin rauni a gwiwar yana raguwa da kusan rabi.

Yaro ya ce, "Anti, wallahi ba na jin ciwo." Ta ce, "Na yarda, ƙanena. Jijiyar da aka yanko daga bayan cinyarka aka dasa a nan ba ta gama kama jiki ba, naman cinyar ma bai dawo ba. Ciwo ya tafi ya bar aikin."

'Yan uwa, a nan tsoro ya kama ni, tsoron da ko ranar tiyata ban ji irinsa ba. Ranar tiyata na miƙa shi ga Allah da likitoci. Wannan kuwa da hannuna zan tura shi. Na taɓa jakata na ji takardar nan a ciki, sai gumi ya karyo mini. Shi kuma ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwar.

Abin da baiwar Allahn nan ta yi a lokacin shi ne dalilin wannan rubutu. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta buɗe wani bidiyo na mako na biyu bayan tiyata, wanda ni na ma manta an ɗauka: yana kwance yana cije leɓe, ya kasa ɗaga ƙafar daga kan gado ko da taƙi ɗaya. Ta jera shi gefe da gefe da na ranar. Ashe duk bidiyon da muke tura mata tana adana su bisa kwanan wata. Ta bi da shi ɗaya-ɗaya: ranar da gwiwar ta fara lanƙwasuwa digiri 90, ranar da ta miƙe sarai, ranar da ya fara tsayawa da ƙafa ɗaya. Ta ce, "Dubi inda ka fito. Wanda ya yi wannan tafiyar ba zai gaza wata uku ko huɗu ba." Lokacin tashinta ya wuce da fiye da awa guda, ana ta kiran ta daga gida, ba ta miƙe ba sai da yaron ya share fuska ya ce mata, "To Anti, me zan fara yi gobe?"

Anti, kin ce kada in ambace ki, na saɓa miki, ki yafe ni. Ke kika ce mu riƙa turo bidiyo ta WhatsApp don mu rage kuɗin mota, kina duba su da daddare kina maido da saƙon murya: "Ya ƙara tura ƙugu baya, gwiwa ta bi yatsa na biyu." Ba ki taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba. Allah ya jiƙan mahaifanki, ya raya miki zuriya, ya sa ki gama da duniya lafiya, ya tsare ki daga ciwon da zai sa ki nemi taimakon wani. Yadda kika tsayar da ɗana a kan ƙafarsa, Allah ya tabbatar da dugaduganki a kan siraɗi.

Koci, kai ma ba zan tsallake ka ba. Da ka ga bidiyon, da ƙafarka ka zo gida bayan isha'i ka durƙusa ka ce, "Umma, ni na yi gaggawa." Ba kowane babba ke iya faɗin haka ba. Na ji yanzu kana ɗaukar yaranka duka a waya suna dira, kana nuna wa kowa gwiwarsa, kuma kun fara ɗumama jiki da tsarin nan na rigakafin rauni mai suna FIFA 11+ na minti 20 kafin atisaye. Allah ya ɗaukaka ƙungiyarka, ya sa wata rana mu ga yaranka a filin Sani Abacha sanye da rigar Kano Pillars.

Akwai haƙƙin da ke wuyana kuma, gara in sauke shi a bainar jama'a tunda a bainar jama'a na ɗauke shi. Yaron da muka ce shi ya taɗe ɗana ranar da ya ji raunin, har na daina amsa gaisuwar mahaifiyarsa. Wani ɗan kallo ya ɗauki wasan a wayarsa, da aka rage gudun bidiyon sai ga shi ƙarara akwai tazarar taku guda tsakaninsu. Ɗana ya kafa ƙafa ne zai juya, gwiwar ta tafi. Anti ta ce yawancin masu tsinkewar wannan jijiya ta ACL haka take samun su, babu wanda ya taɓa su. Kai kuma yaro, na zalunce ka da zato, ka yafe mini don Allah. Maman yaro, zan zo har gida.

Ƙanwarsa, 'yar autata, ita ce mai ɗaukar hoto. Kullum bayan asuba sai ta jingina waya da gwangwanin madara a tsakar gida, ta ƙirga taku huɗu ta ja layi da gawayi don kada wurin tsayawa ya canza, tunda an ce in kusurwar ta sauya awon ya ɓaci. Wata biyar tana yi kafin ta tafi makaranta. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Baba mai Adaidaita na bakin layi da ke cewa "a bar shi sai an samu", abokan aikina malamai da suka riƙe mini aji, matan islamiyyarmu da suka haɗa abin da suka haɗa, likitan da ya yi aikin da ma'aikatan jinya, da ku da ban taɓa ganin fuskarku ba kuka turo dubu ɗaya, dubu biyu: Allah ya san ku ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗa muku ƙofofin arziki, ya ba marasa lafiyarku lafiya, ya jiƙan waɗanda kuka rasa, ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Abbansu kuma Allah ya kai haske kabarinsa, da yana nan da shi zai tsaya a bakin fili jiya.

Su baffanninsa, mun gode da shawarar mai ɗori da aka ba mu a waya a makon farko. Mun san hidima ta yi wa kowa yawa. Yaron dai ya yi ta tambaya ko kun zo yana barci, ni kuma ina ce masa kuna hanya. Gidan yana nan inda kuka san shi.

Awon ƙarshe da aka yi masa makon jiya, dama 163, hagu 152, layin nan kuma ya miƙe a ƙafa biyun. Anti ta ce minti 20 ne yanzu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, kuma atisayen cinya ba a daina shi ba. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu za a yi saukar Alƙur'ani a gida bayan la'asar, kowa muna gayyata. Sandunan dogarawa guda biyu da takalmin gwiwa suna nan lafiyarsu ƙalau, duk wanda ya san mai buƙata ya yi mini magana a zo a ɗauka.