Na koma makarantar tuƙi saboda Nissan 350Z

Alhamdulillah, Nissan 350Z ɗin nan 'yar Kwatano, ƙirar 2006, ta shigo hannu. Kafin in biya sai da bakanikena ya shiga ƙarƙashinta, ya duba kulochi, ya saurari injin. Silinda shida ne, lita 3.5, kuma duk ƙarfin a tayoyin baya yake sauka.

Abin da ya sa na nemi wani dattijon direba ya koya mini ita ke nan, duk da na daɗe ina tuƙi. Da sassafe muke fita daga garin Bauchi mu kama hanyar Dass kafin motoci su yi yawa. Ya ce: "Yaro, ka gama taka birki kafin ka shiga kwana, totur kuma sai ka miƙe sitiyari." Na ce to, Baba. A wani fili mai yashi ya sa na taka totur ina cikin juyawa, nan take bayanta ya zame, gabana ya faɗi. Hannunsa na kan kafaɗata, sai cewa yake in kalli inda nake son zuwa.

Cikin gari kam lallaɓa ta nake yi. Ƙasa-ƙasa take, ga 'yan acaɓa da yara 'yan makaranta wajen Wunti. Fetur kuwa tana sha ba wasa.