Asabar: mun raɗa wa ɗan kwikwiyo suna

Tun da ɓarayi suka haura katanga suka kwashe mana kaji a watan jiya maigida ya ce sai an kawo karen gadi. Yau da hantsi ya shigo da shi a kwali. Watansa biyu, bayansa baƙi, ƙafafu ja-ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Irin na Jamus ne, wanda muke ce wa Alseshan. Can bayan gida aka yi masa akurki, nesa da inda muke salla.

Mai sayarwa ya ce a ba shi gajeren suna, gaɓa ɗaya ko biyu, don ya yi saurin ganewa. Babban ɗana ya ce tunda asalinsa Jamus ne, sunan ma daga can za a ɗauko. Ya karanto mana a waya cewa wani tsohon sojan doki, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar masu kiwon irin wannan kare a 1899, kuma tsaron tumaki ne aikinsu na farko. Wannan ya kwantar mini da hankali, makiyayi ne ashe.

Sai ya ce Bruno, wai ma'anarsa ruwan ƙasa. Har na amince, Hajiya ta ɗago daga kan tabarma.

"Ba sunan ɗan ƙwallon nan ba ne da kuke ihu a kansa?"

"Shi ne, Hajiya."

"To ban yarda ba. Wata uwa ce ta haife shi aka raɗa masa. Ku ba kare sunan ɗan mutane?"

Wallahi maganar ta shige ni. Da a ce na ji wani a wata ƙasa yana kiran karensa da sunan ɗana, ba zan yi barci ba. Nisan gari ba ya rage wa suna daraja. Haka Otto da Fritz suka faɗi, duk na mutane ne.

Bayan la'asar aka yi cida, auta ta tambayi yadda Jamusawa ke cewa walƙiya. Yayanta ya duba: Blitz. Ba na kowa ba ne a cikin sunayen yanka, ga shi gajere. Hajiya ta gwada a bakinta, ya fito Bilis, ta ce ya yi.

Bai san sunan ba tukuna. Yanzu haka ina jin kukansa, kewar uwa yake. Bari in tashi maigida ya kai masa tsohon buhu, garin da sanyi.