Sunan da ya ƙi shiga bakina

Akwai wata dattijuwa ƴar Gana da ke zuwa shagonmu na fotokofi nan Bukoki, ta fi shekara ashirin a Yamai, kowa Madam Eta yake ce mata, ni ma haka na taso na ji. Ranar da ta kawo fasfo ɗinta in yi mata kofi sai na ga an rubuta Etheldreda, na gwada karantawa sau uku harshena ya ƙi. Na ce Mama wannan suna daga ina? Ta ce ɗiyata sunan wata waliyyiya ce ta Ingila, fada ne ya zaɓa mani ranar baftisma.

Wallahi daren nan sai da na ƙarar da kiredi na ina bincike. Ashe tsohon Turanci ne, na tun kafin irin wanda ake koya a lakwal yanzu. Gaɓa biyu ne aka haɗa, ta farko ethel wato mai asali, ɗan gidan girma, ta biyun kuma ƙarfi take nufi. Ƙarfi mai asali kenan. Mai sunan ɗiyar Anna ce sarkin Gabashin Angiliya (e, namiji ne, Anna sunansa), ta yi aure har biyu, na biyun ma sarki ne, ta bar gidan sarauta ta tafi ta kafa gidan ibada a garin Ely a 673, can ta rasu a 679.

To wurin da ya taɓa ni shi ne nan. Kumburi ne ya fito mata a wuya, ita kuma ta ce alhakin sarƙoƙin da ta sha sawa ne lokacin ƙuruciya. Bayan rasuwarta bakin mutane ya yi ta gutsure sunan, kamar yadda mu ma Khadija ta koma Dije, Muhammadu ya koma Mamman, har ya zama Audrey. A da ana cin kasuwa a Ely da sunanta duk shekara, ana saida ɗan leshin ɗaurawa a wuya, leshin Saint Audrey, a hankali a hankali aka haɗiye farkon kalmar ta zama tawdry, wanda yau a Turanci kayan ƙyalƙyali mai araha yake nufi, irin sarƙar dala hamsin da ke koɗewa kafin sati. Matar da ta guji ado, sunanta ya ƙare kan kayan ado na banza, abin ya tsaya mani a rai sosai.

Da ta dawo karɓar takardunta na gaishe ta da cikakken sunan, Ina kwana Mama Etheldreda. Ta tsaya da ledar a hannu tana kallona, ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya kira ta haka. Ta sa na sake faɗi, ta gyara mani gaɓar tsakiya.